Fito Da Linzami: Wace Biyayya Ce Ta Gaskiya?

'Yan uwana mata, akwai wata tambaya da nake so mu zauna mu tattauna a kanta, kuma ta bakin turken doki zan biyo da ita. Na san wata za ta ce, mu da kullum muke tsakanin murhu da tsakar gida, me ya haɗa mu da doki? Yi haƙuri 'yar uwa, ki biyo ni a sannu. Tambayar ita ce: idan kika kira wani ya taho, ɗanki ne, ko ƙanwarki, ko 'yar riƙonki, ko yarinyar da ke taya ki aiki, me ya kawo shi? Tsoronki ne ya kawo shi, ko kwaɗayin abin da ke hannunki, ko kuwa yarda ce ya yi da ke? Kuma tunda dai ko ta wace hanya ya zo ɗin, shin akwai wani bambanci da ya isa mu ɓata lokaci a kansa? Ni dai na ce akwai, kuma bambancin yana iya kai girman rayuwar yaro gaba ɗaya.

Ƙasarmu ƙasar dawaki ce

Mu mutanen gabashin Sakkwato ba baƙin doki ba ne. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa domin tsaron iyakar daula, a can ya zauna, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake. Ribaɗi kuwa ba ya tsayuwa sai da mahaya, domin kafin mai gudu a ƙasa ya kai labari, mai doki ya je ya dawo. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Wurno a 1853, nan ne mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Rabah kuma garin Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ne, wanda ya yi mulki daga 1873 zuwa 1877, can aka haifi jikansa Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zama hakimin garin a 1934. Fadamar Gulbin Rima da ta biyo ta Goronyo ta sauko Wurno, wadda yau muka san ta da shinkafa da albasa da tafarnuwa, ita ce ta ciyar da dawakin kakanninmu da ciyawa.

Yau babur ya karɓe aikin doki. Wanda ke da doki yanzu, ko dai basarake ne, ko mai sha'awar hawan sallah da kilisa. Amma sanin yadda ake sarrafa doki bai mutu ba, kuma a cikinsa akwai hanyoyi biyu da suka daɗe suna tafiya tare. Ta farko ita ce ta ƙarfe da fata: linzami a baki, ƙaimi a ciki, bulala a gindi, dabaibayi a ƙafa. Ta biyu ita ce ta sauti: mai doki ya tsaya daga nesa ya yi fito, doki ya ɗaga kai daga cikin ciyawa, ya yi haniniya, ya taho da kansa ba igiya ba ragama.

Yadda ake koya wa doki amsa fito

Abin ba tsafi ba ne, ba kuma asiri. Da farko dai Allah ya hore wa doki kunne na ban mamaki. Kowane kunne guda yana da tsoka wajen 10 da ke juya shi, har yana iya karkata shi gaba da baya ba tare da ya motsa kansa ba, kuma kowane kunne yana iya fuskantar nasa wajen daban. Yana kuma jin siririn sautin da kunnen mutum ba ya kamawa. Shi ya sa masu dawaki ke cewa in kina son sanin inda hankalin doki yake, ki dubi kunnensa.

Mai horo yakan zaɓi fito iri ɗaya tak, ba ya sauya shi. Duk lokacin da zai kawo dusa ko dawa ko harawa, sai ya fara yin fiton nan tukuna, sannan abinci ya biyo baya nan take. Dole fito ya riga abinci, kuma kada tazarar ta wuce ƙiftawar ido kaɗan, domin doki ba ya iya haɗa abin da ya faru yanzu da ladan da zai zo bayan an idar da sallah. Ana farawa ne a bakin turke, taku biyu tsakaninsu. In ya saba, a ja da baya taku goma, daga nan a kai shi fili, daga nan a gwada shi a cikin 'yan uwansa dawaki inda akwai abin da zai ɗauke masa hankali. Darasin gajere ne, a yi kaɗan yau, a yi kaɗan gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

Haka kuma ake koya masa tsayawa da tafiya da murya. Mahayi ya yi sautin tsayawa, sannan ya ja linzami a hankali, da doki ya tsaya sai ya sassauta nan da nan. Sassautawar nan ita ce ladansa. Bayan an maimaita sau da yawa, doki zai gane cewa sautin nan shi ke zuwa kafin ƙarfe ya taɓa masa baki, sai ya riƙa tsayawa tun daga jin sauti. Kin ga ke nan murya ta hutar da linzami. Wata masaniya a Amurka mai suna Patricia McConnell ta saurari masu horar da dawaki da karnuka masu harsuna daban-daban, ta tarar kusan duk abu ɗaya suke yi: gajerun sautuka a jere in ana son dabba ta ƙara sauri, dogon sauti guda in ana son ta lafa. Ai ke ma haka kike yi, da ja wa murya kike lallashin jariri ya yi barci, ba da tafi ba.

Tun farkon ƙarni na 20 wani likitan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904, ya nuna cewa kare da aka saba yi masa wani sauti kafin a ba shi abinci, daga baya sautin kaɗai ya isa ya tsinkar masa da yawu. A filayen sukuwa na Turai da Amurka har fito ake koya wa doki don ya yi fitsari, saboda a sami abin gwadawa a gani ko an ba shi ƙwaya. Kada ki yi dariya. Wace uwa ce a cikinmu ba ta ɗora jaririnta a ƙafa tana yi masa "sss" har ya saba ba? Ashe mun daɗe muna wannan ilimi, suna ne kawai ba mu sa masa ba.

Fito alkawari ne

Ina da kawu a wani ƙauye kusa da Wurno, Allah ya jiƙansa, ya yi kiwon doki shekaru masu yawa. Yana da wani akawal da ke amsa fitonsa ko daga ƙarshen fadama. Wata rana dokin ya tsinke igiya ya shiga gonar mutane, yaron da ke yi masa yankan ciyawa ya bi shi ya rasa yadda zai kama shi. Sai ya kwaikwayi fiton kawu. Doki ya taho da gudunsa, yaro ya cafke ragama ya zabga masa sanda saboda haushin wahalar da ya ba shi. Da labari ya kai wa kawu, bai tambayi ɓarnar gona ba tukuna, cewa ya yi, "Kai yaro, ba doki kab buga ba, hito kak kashe." Haka kuwa aka yi. An ɗauki makonni in kawu ya yi fito, dokin ya ɗaga kai, ya yi taku biyu, ya tsaya yana kallo. Na tambaye shi dalili, ya ce da ni, "Ke ɗiyata, doki ba ya jin Hausa, alkawali shika ji. Ran da kinka yi mai ƙarya guda, sai kin yi mai gaskiya ɗari kahin shi koma yarda da ke."

Ki duba da kyau. A wajen yaron nan, hukuncin shiga gona ya yi. A wajen doki kuwa, abin da ya yi na ƙarshe kafin sanda ta sauka shi ne amsa kira. Saboda haka darasin da ya ɗauka shi ne: wanda ya amsa kira ya sha duka.

To yanzu mu koma tsakar gida. Sau nawa yaro zai yi ɓarna ya gudu, uwa ta sassauta murya ta ce, "Zo ka karɓi alewa," yana zuwa ta damƙe shi ta rufe shi da duka? Sau nawa ake ce wa yarinya, "Faɗa mini gaskiya, wallahi ba abin da zan yi miki," tana faɗa a ɗauko muciya? A ranar uwa ta ga kamar ta yi dabara. Amma ta kashe fitonta. Shekara goma nan gaba, ranar da wani abu babba zai sami yarinyar nan, abin da ya kamata uwa ta fara ji kafin kowa, za a kira ta a ce ta faɗi gaskiya, ita kuwa za ta yi taku biyu ta tsaya tana kallo, kamar akawal ɗin kawu. Sai mu ce 'ya'yan zamani zurfin ciki gare su.

Akwai kuma wata hanyar kashe fito, ita ce yawan yin sa a banza. Mai horo ba ya yin fito in ya san doki ba zai zo ba, domin kowane fiton da ya faɗi ƙasa yana koya wa doki cewa ana iya ƙyale shi. Mu kuwa sai mu zauna a kan tabarma mu kwaɗa wa yaro kira sau ashirin, da barazanar da mun san ba za mu cika ba, da alkawarin tsarabar da mun san ba za mu sayo ba. A ƙarshe muryarmu ta zama kamar kukan kaji a tsakar gida, ana ji amma ba a saurare. Kyan alkawari cikawa, ko da ga ɗan shekara uku ne aka yi shi.

Ga inda fito ya fi linzami. Linzami iyakarsa inda hannu ya kai. Da zarar an zare shi, ikonsa ya ƙare. Fito kuwa yana aiki ne a daidai wurin da doki ke da ikon ƙin zuwa. Kuma 'yar uwa, yawancin rayuwar 'ya'yanmu a can za su yi ta, inda hannunmu bai kai ba: makarantar kwana, gidan miji, kasuwa, cirani, da cikin wayar nan da ke hannunsu mu muna barci. Tarbiyyar da ba ta aiki sai kina tsaye a kai, gadi ce kawai kike yi.

Masu cewa duka ma yana aiki

Na san abin da iyayenmu za su ce: mu da bulala aka tashe mu, kuma ga mu mun zama mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban musa ba, tsoro yana aiki, kuma ya fi saurin aiki. Kuma ba na cewa a jefar da linzami. Dokin da ya zabura ya nufi rijiya ba fito za a tsaya yi masa ba, ja za a yi da ƙarfi. Yaron da ya miƙa hannu zai taɓa garwashi fizge shi ake yi, bayani ya biyo baya. Kawuna ma bai taɓa hawa ba linzami ba.

Amma a tambayi masu dawaki abin da yawan ja ke haifarwa. Bakin doki yakan mutu, ya daina jin ja kaɗan, sai an ƙara ƙarfi, gobe a sake ƙarawa, har a kai inda babu sauran abin ƙarawa. Wani dokin ya koma tutsu da cizo da harbi. Wani kuma ya yi laƙwas, ya sunkuyar da kai, ko me aka yi masa ba ya motsi, wanda bai sani ba ya ce kai, wannan doki akwai ladabi. Alhali fid da rai ya yi. Sau da yawa nakan ga 'yar riƙo a gidan mutane, shiru-shiru, ba ta ɗaga ido, ana yabon kunyarta, sai gabana ya faɗi, domin na san irin wannan shirun.

Wannan ba sabon sani ba ne. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce wani mayaƙin Girka mai suna Xenophon ya rubuta littafi a kan hawan doki, ya yi gargaɗi a ciki kada mutum ya taɓa doki yana cikin fushi. A 2010 kuma masu bincike na Jami'ar Rennes a Faransa suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun koya wa 'yan duƙushi tsayawa cik da umarnin baki, wasu ana ba su ɗan abinci in sun yi daidai, wasu ba a ba su komai. Waɗanda ake saka wa sun fi saurin koyo, sun fi ƙarancin cizo da harbi, bayan watanni kuma ba su manta ba, har suna kusantar mutanen da ba su taɓa gani ba. Wato alherin mutum ɗaya ya sa sun kyautata wa sauran mutane zato. Alheri danƙo ne.

Tambayar da ta fi wuya

Da a nan na tsaya, da na sauƙaƙa wa kaina. Amma mai hankali za ta ce: tsaya malama, shi fiton nan ba igiya ba ce shi ma, sai dai ba a ganinta? Dokin ai ba don ya fahimci komai yake zuwa ba, sabo ne da kwaɗayin dusa. Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa. Kuma ba ga shi yaron kawunki ya kwaikwayi fito doki ya zo ba? In yaron gida ya iya, ɓarawo ma zai iya.

Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta fi damuna. Doki yana gane masu shi, domin a 2012 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna cewa in aka sa wa doki muryar mutumin da ya sani, yakan juya ya dubi mai muryar a cikin mutane biyu da ke tsaye. Duk da haka ba ya iya tambayar kansa, shin mai kiran nan alheri yake nufi da ni? Wannan ya fi ƙarfinsa. Yarinyar da aka tashe ta a kan cewa duk murya mai daɗi da ɗan abin hannu a bi ta, to an gama yi wa mayaudari rabin aikinsa. Ya koyi irin fiton kawai: kalamai masu sanyi, katin waya, alkawarin aure. Yaron da aka tashe shi a kan cewa duk wanda ya fi ƙarfin tsawa shi ake bi, ranar da wanda ya fi ubansa tsawa ya bayyana, shi zai bi.

Mu a wannan yanki ba labari ake ba mu ba. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu, ƙauyukan Rabah da na Wurno ma sun sha nasu. Ba na cewa tarbiyya ce kaɗai ta jawo wannan bala'i, akwai talauci, akwai zalunci, akwai rikicin gona da kiwo, akwai sakacin hukuma. Amma kowane hannu da ya ɗauki bindiga a ranar, wata mace ce ta goya mai shi. An ce masa harba, ya harba. Biyayya ce ita ma wannan. Shi ya sa nake cewa biyayya ita kaɗai ba abin yabo ba ce, sai an tambaya, ga wa, kuma a kan me?

Akwai wani doki da ya yi suna a Balin ta Jamus mai suna Hans. Mai shi, Wilhelm von Osten, ya ce ya koya masa lissafi. A tambaye shi uku a tara da huɗu, ya buga kofato sau 7 ya tsaya. A 1904 kwamiti ya bincika bai ga wata damfara ba. Sai wani masani, Oskar Pfungst, ya gano sirrin, ya bayyana shi a 1907: in mai tambaya bai san amsa ba, ko doki ba ya ganinsa, sai Hans ya rikice. Ashe fuska da jikin mai tambaya yake karantawa, da ya ga an ɗan saki jiki sai ya daina bugawa. Shi kansa mai dokin bai san yana ba shi alama ba. Da yawa daga cikin yaran da muke kira masu hankali irin Hans ne. Fuskar uwa suke karantawa, su ba ta amsar da take so. Ɗauke fuskar, ki ga ko akwai lissafi a ciki.

Inda mutum ya rabu da doki

To mene ne mafita? A ganina fito matakin farko ne, kuma ba a tsallake shi. Ƙaramin yaro ba ya gane dalili, amma yana gane wanda ba ya yi masa ƙarya. Da wannan yardar ake buɗe kunnensa. Sai dai doki a nan karatunsa ya ƙare, ɗan Adam kuwa a nan nasa ya fara. Da yaro ya fara wayo, kowane umarni ya kamata ya riƙa tafiya da dalilinsa. "Kada ki bi ta lungun nan da magariba, saboda kaza." Idan ta ce, "Inna, don me?" kada a ce mata rashin kunya. Tambayar nan ita ce rigakafinta. Yarinyar da ba ta taɓa samun damar ce wa uwarta "don me" ba, yaya za a yi ta iya ce wa saurayi ko malami ko mai gidan da take aiki? Wadda ba a taɓa bari ta ce a'a a gida ba, a waje ma ba za ta iya ba.

Dokin hawan sallah ma yana da darasi a nan. Ki tuna abin da ke kewaye da shi ran hawa: 'yan bindiga suna ta harbi, ga tambari, ga kakaki, ga algaita, ga guɗar mata, ga ihun yara. Ɗanyen doki da ya ji wannan sai ya watsar da mahayi. Horarre kuwa an saba masa da su kaɗan-kaɗan, daga nesa zuwa kusa, har ya gane hayaniya ce kawai. A cikin wannan ruɗani kunnensa guda yana baya, wajen mahayinsa. Ashe rabin horo shi ne koyon abin da za a amsa, ɗaya rabin kuma koyon abin da za a ƙyale. Mu mun fi mayar da hankali ga rabin farko.

Mu kanmu fiton wa muke amsawa?

Kada mu ƙare a kan yara kawai. Ke 'yar uwa, wa ya san fitonki? Akwai kishiya ko maƙwabciya da ta gane kalma ɗaya da in ta jefa a tsakar gida sai kin tashi kin yi ta faɗa har unguwa ta taru. Duk ranar da ta ga dama sai ta yi fiton, ke kuwa ki taho a guje. Wa ke riƙe da ragamar wani a nan? Akwai ƙarar waya da ke sa mu bar tuwo ya ƙone. Akwai "wance ta yi anko" da ke sa mu ci bashin da za mu shekara muna biya. Wanda ya san sautin da ke zaburar da ke ya mallake ki ba tare da ya sayi igiya ba.

Ga mazajenmu kuma, in littafin nan ya faɗa hannun ɗayansu, ina da magana guda. Aure ba barga ba ne, mace kuma ba goɗiya ba ce, ladabin da take yi maka da hankalinta take yin sa, ta san dalilinsa, shi ya sa yake da daraja. Amma kai ma kana da fito, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ƙarar babur ɗinka ce a ƙofar gida da sallamarka a zaure. A wani gida in aka ji su, yara rige-rigen fita suke yi. A wani gidan kuwa hira ce ke mutuwa, kowa ya nemi lungu. Duk gidajen biyu ana yi wa mai gida biyayya. Ka tambayi kanka wanne ne naka.

Amsata ga tambayar da muka faro da ita ke nan. Wanda tsoro ya kawo, zai tafi ranar da tsoro ya ƙare. Wanda kwaɗayi ya kawo, zai tafi ranar da wani ya fi ki dusa. Wanda yarda ta kawo ya fi su daɗewa, amma shi ma ana iya sace shi da muryar aro. Wanda ya zo domin ya yarda da ke, kuma ya san dalilin zuwansa, har yana iya tsayawa ya ce miki, "Inna, wannan kam ba daidai ba ne," shi ne kika gama wa tarbiyya, ko da maganar tasa ta yi miki ɗaci a ranar.

Ki gwada wani abu a makon nan. Ki ƙirga sau nawa kika kira sunan ɗanki ko 'yar riƙonki, sannan ki raba lissafin gida uku: nawa ne na aike, nawa ne na faɗa, nawa ne kuma kika kira don kawai ki ce sannu, ko ki ba da ɗan ƙanzo, ko ki ji yadda aka wuni a makaranta. Abin da lissafin ya nuna miki, shi ne ma'anar muryarki a kunnensu. In bai yi miki daɗi ba, ana gyarawa, domin akawal ɗin kawu ma ya dawo yana amsa fito, sai dai an sha haƙuri kafin nan. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Allah ya shirya mana zuriya, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.